Ƙarfen hawan bishiya: mai dogon ƙaimi ko gajere, kuma a wace bishiya ake sa shi?

Sani_Mai_Zarto
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙafa a hau bishiya, mai tsini ta ciki kamar ƙaimin zakara. Aikin da za a yi da shi: sare darbejiya da turare a cikin gidaje inda babu filin kayar da su gaba ɗaya, sai kuma rage rassan mangwaro. A intanet akwai mai dogon tsini, akwai gajere, akwai na ƙarfe, akwai na alminiyom, kuma kuɗinsu ya yi nisa da juna ƙwarai. Wanne ya dace? Kuma maƙeri zai iya ƙera shi?

Baba_Gandu
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin maganar saye, raba aikin naka gida biyu. Bishiyar da za a sare ta har ƙasa, hau ta da ƙaimi. Bishiyar da za a rage wa rassa a bar ta da ranta, kamar mangwaron nan, kada ƙaimi ya taɓa ta. Kowane taku huda ne da yake ratsa ɓawo ya kai ga fatar nan mai danshi da ke tsakanin ɓawo da itace, wadda ita ce ke sa bishiya ƙiba. Hawa ɗaya da sauka ɗaya a bishiya mai mita 10 ya isa ya bar mata ramuka da yawa, kuma kowanne ƙofa ce ga ruɓa da ƙwari. A Amurka ƙa'idar aikin bishiya da suke kira ANSI A300 ta hana hawa da ƙaimi wajen rage rassa, sai a 'yan wurare na larura. Mangwaro tsani da igiya ake masa.

Injiniya_Bello
Bari in lissafa sassansa don mu riƙa fahimtar juna. Akwai sanda, doguwar da ke bin ƙafa ta ciki daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa. Akwai likkafa, inda sandar ta lanƙwasa ta shiga ƙarƙashin takalmi. Akwai ƙaimin kansa. Akwai matashi a sama wanda ke rungumar ƙwauri, sai maɗauri biyu, na sama da na idon sawu.

Ƙaimi iri biyu ne. Gajere, wanda aka yi don turakun lantarki na katako, tsawonsa wajen inci 1 da rabi, kusan santimita 4. Dogo, na bishiya, inci 2 da rabi zuwa 2 da kwata uku, wato santimita 6 zuwa 7. Ana auna shi ta ƙarƙashi, daga inda ya fito daga sanda zuwa baki. Dalilin tsawon ɗaya ne: ya wuce ɓawo ya kama itace. Ɓawo ba ya riƙe mutum.

Sani_Mai_Zarto
To ke nan dogon ya fi, tunda shi aka yi don bishiya?

Injiniya_Bello
Ba a ko'ina ba. Dogon ƙaimi a bishiya mai siririn ɓawo da taurin itace ba ya shiga sai bakinsa, sauran tsawon yana waje. Ƙafarka ta yi nisa da gangar jikin bishiyar, sandar ta riƙa murɗawa, duk nauyin ya koma kan idon sawu da ƙwauri. Turare haka yake: ɓawonsa santsi ne kuma siriri, gajere ya fi zama daram a jikinsa. Tsamiya da kirya ma itacensu tauri gare shi, ba sa buƙatar tsawo, kaifi suke buƙata.

Ɗan_Katsina_77
Na yarda da Injiniya a kan turare, amma tsohuwar darbejiya fa? Gindinta ɓawon ya yi kauri ya tsattsage. Gajere yakan tsaya a cikin ɓawo, ka ɗora nauyi ya ɓalle da kai. Kaɗanya kuwa ba a ma magana, ɓawonta kamar bayan kada, sai dogo. Shawarata a sayi irin wanda ake kwance ƙaimin da sukuru biyu a canza, a sayi dogo da gajere. Kamfanonin Buckingham da Bashlin da Klein duk suna yin irin wannan, haka Distel na Jamus. Abin kula shi ne ƙaimin wani kamfani ba ya hawa sandar wani, kuma sukurun da aka kwance a ɗaure shi tam, a riƙa duba shi kowace safiya kafin aiki.

Maryam_Lambu
Baba Gandu, Allah ya saka da alheri da ka fara da wannan. Ina so in ƙara maganar dabino da giginya da goruba da kwakwa, don su lamarinsu ya fi na mangwaro tsanani. Darbejiya idan ta ji rauni tana tsiro da sabon itace ta rufe bakin. Dangin dabino ba su da wannan fatar mai ƙara kauri, don haka ramin da ƙaimi ya yi yana nan har bishiyar ta mutu. Kuma akwai ƙwaron nan mai dogon baki da ke bin warin rauni ya sa ƙwai a ciki, tsutsarsa ta riƙa cin cikin bishiyar ba a sani ba sai kai ya sunkuya. Dabino kuwa ana hawansa sau da yawa a shekara: lokacin barbara, lokacin gyaran nono, lokacin yanka. Shi ya sa masu dabino, daga Dutse har Ingal da Bilma, igiya suke zagayawa su taka gindin tsofaffin ganye, ko su kafa tsani. Don Allah kada a kawo ƙaimi gonar dabino.

Usta_Habu_Maƙeri
Tambayar maƙeri ba a amsa ba, bari in amsa. Sanda da likkafa maƙeri zai iya lanƙwasa su, ba wuya. Matsalar ƙaimin ce. Ana so ya yi taurin da ba zai lanƙwashe ba, amma kada ya bushe har ya karye kamar gilashi. Idan aka ba shi ruwa da yawa zai tsinke a tsakiyar aiki, idan bai samu ba bakin zai naɗe. Rodin gini ba ya yi ko kaɗan. Sannan wurin haɗin ƙaimi da sanda shi ke ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya a ƙafa ɗaya, har da girgizar taku. Walda mai kyan gani a waje tana iya zama da rami a ciki, kuma babu yadda za a gane da ido. Na kamfani ana gwada su bisa ƙa'ida, yawanci an rubuta nauyin da suke ɗauka, wajen kilo 158 har da kayan da ke jikin mutum. Na maƙera babu wanda ya gwada. Gatari da adda da fartanya a zo wurinmu, wannan kuwa a saya.

Garba_Zinder
Usta, ka faɗi gaskiya, amma kuɗin na kamfani fa ba kowa ke iyawa ba. Masu araha da ake gani a intanet, waɗanda suka zo da bel da igiya duk a jaka ɗaya, me za a ce a kansu?

Injiniya_Bello
Malam Garba, ga abin da za ka duba. Shin akwai sunan kamfani da lamba a buge a jikin sandar? Akwai alamar ASTM F887, ƙa'idar gwajin kayan hawa, ko takardar da ta faɗi nauyin da yake ɗauka? Ana ƙara tsawon sandar ko ragewa? Ana samun ƙaimin canji? Idan duk amsar a'a ce, bar shi. Da yawa daga masu arahar nan sandarsu gajera ce, tana tsayawa a tsakiyar ƙwauri, wasu ma ƙaimi biyu gare su a kowace ƙafa, wanda ke hana ɗaya shiga sosai. Bel ɗin da ke zuwa da su kuwa shi ne ya fi ban tsoro, don shi ne rayuwar mutum ke rataye a kai.

Gwanjo na kamfanin kirki ya fi sabo marar suna, in dai an duba shi da kyau. A goge tsatsa a duba likkafa ta ƙasa, don nan ne yake cinyewa da tafiya a kan siminti, kuma nan yake tsagewa. A duba gindin ƙaimi ko akwai layin tsaga siriri kamar gashi. A auna tsawon: gajeren ƙaimi idan ya gaza inci 1 da kwata, milimita 32, ya gama aiki. Maɗauran fata idan sun bushe sun tsattsage a wurin huda, a canza su, ba tsada.

Sani_Mai_Zarto
Madalla. To ƙarfe ko alminiyom?

Ɗan_Katsina_77
Ga mai farawa, ƙarfe. Ya fi araha, ya fi jure wulaƙanci, illarsa nauyi kawai, biyun da matasansu suna kai kilo 2 da rabi zuwa 3. Alminiyom ya fi sauƙi a ƙafa ga mai wuni a sama. Akwai na titaniyom da na zaren kabon, su ma ba su da nauyi, amma sun fi tsada nesa. Amma abin da mutane ba sa kula da shi shi ne matashi. Ƙaramin matashin fata siriri yana barin kan sandar ya riƙa tokarar ƙashin ƙwauri, cikin rabin awa mutum ya ƙosa ya sauko. Faffaɗan matashi mai tauri a baya da laushi a ciki, wanda ya naɗe ƙafa, shi ke raba nauyin. Gara sandar ƙarfe da matashi mai kyau da sandar alminiyom da matashin banza.

Alhaji_Musa_Katako
Kun manta takalmi. Likkafa tana zama ne a lungun da ke gaban dunduniyar takalmi, saboda haka dole takalmin ya zama but mai dunduniya a fili, mai taurin tafi, wanda ya rufe idon sawu. Kambas tafinsa shafe ne, likkafar za ta riƙa zamewa baya, kuma tsakiyar ƙafa zai yi ciwo kamar an tsaya a kan rodi, don a kan rodin ake tsaye. Silifa da takalmin roba na damina kada ma a kawo su.

Ɗaurawa kuma: akwai na dama akwai na hagu, ƙaimi yana ciki, yana kallon ɗan'uwansa. Kan sandar ya tsaya kamar yatsu biyu ƙasa da ƙashin nan da ya turo a gwiwa ta gefen ciki. Idan ya yi sama zai ci gwiwa duk lokacin da aka lanƙwasa ta, idan ya yi ƙasa zai riƙa lilo. Maɗaurin idon sawu a ja shi sosai, a naɗe bakin wando kada ya maƙale. Kuma a gindin bishiya ake ɗaurawa, a gindinta ake cirewa. Yawo da shi a ƙasa yana dakushe baki, kuma da yawan raunin da ake ji da shi a ƙasa ake ji, mutum ya soki ɗaya ƙafar tasa. Idan an cire a sa masa murfi, guntun tiyo ma ya isa.

Baba_Gandu
Yanzu ga babbar magana. Ƙaimi matakala ce kawai, ba shi ke riƙe mutum ba. Abin da ke riƙewa ɗamarar hawa ce mai zobe a kowane gefen ƙugu da maɗauran cinya, da igiyar ƙugu wadda ke zagaye bishiya daga zobe zuwa zobe, mai kaurin milimita 12 zuwa 16, tsawon mita 3 zuwa 4 ga matsakaiciyar bishiya, da abin rage tsawonta da hannu ɗaya. Ƙugiyoyin da ke haɗa igiyar da zoben su zama masu kulle kansu. Sai hular kwano mai maɗaurin haɓa. Wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa waɗannan ba, bai kai sayen ƙaimi ba tukuna.

Igiyar ƙugu biyu ake so, ko ɗaya da igiyar hawa, wato doguwar da ake ratayawa daga sama. Idan an iso reshe, a zagaya ta biyun a saman reshen a kulle, sannan a kwance ta ƙasa. Babu lokacin da mutum zai kasance a sama ba a ɗaure ba, ko na ƙiftawar ido.

Lawal_Waya
Ƙari kan maganar Baba: akwai igiyar ƙugu mai wayar ƙarfe a ciki. Tana da daɗin cillawa sama saboda taurinta, kuma zarto ba ya yanke ta nan take, ko da yake injin da ke gudu sosai yana iya raba ta. Amma tana ɗaukar wuta. Darbejiyar cikin gari da yawa rassansu na cikin wayoyi. Idan reshe ko mutum ko kayan aiki zai kusanci layin babbar wuta na 11kV ko 33kV ƙasa da mita 3, a tsaya, a je ofishin wuta a nemi su kashe layin su tabbatar. Ɗaukewar wuta ba kashe layi ba ce, tana iya dawowa kowane lokaci. Ɗanyen reshe ma yana ɗaukar wuta.

Wani abu kuma, kada a rikita wannan da ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar lauje da ma'aikatan wuta ke rungumar turke da shi. Wancan don turke mai kauri ɗaya ne miƙaƙƙe, ba ya aiki a bishiya mai rassa da karkata.

Garba_Zinder
A yi mana bayanin takun kansa. Me ke sa ƙaimi ya kuɓuce?

Alhaji_Musa_Katako
Rungumar bishiya. Mai tsoro yakan manna ƙirji da gwiwa a jikinta, to da gwiwa ta matso ciki sai sandar ta miƙe daidai da bishiyar, bakin ƙaimin ya fito, ya tsaga ɓawo ya yi ƙasa. Daidai shi ne ƙugu ya koma baya, nauyi ya zauna a igiyar ƙugu, gwiwa ta buɗe waje, tsakaninta da bishiya kamar tafin hannu ɗaya ko fiye. Hannu biyu a kan igiya, ba a kan bishiya ba.

Taku gajere, santimita 20 zuwa 25. Ba a harbin bishiya kamar ƙwallo, ɗaga ƙafa ake yi a sauke ta ƙasa da ɗan ƙarfi, nauyin jiki ya ƙarasa shigar da shi. Wanda ya buga da ƙarfi a itace mai laushi zai sha wahalar zarewa. Taku biyu, a matso gaba kaɗan igiya ta saki, a cilla ta sama, a koma baya. Igiyar kada ta sauka ƙasa da ƙugu. Zarewa kuma, a karkatar da gwiwa waje a ɗaga. Saukowa ta fi hawa wuya: a miƙe ƙafar da za ta sauka, a kulle gwiwa, a bar nauyi ya faɗa mata. Bishiya mai karkata ta bayanta ake hawa, wato gefen sama. Mai koyo ya yi kwanaki yana hawa da sauka da zagayawa a ƙasa da mita 2, da igiya rataye daga sama da wani riƙe da ita.

Injiniya_Bello
A turare mai santsi ko sama inda bishiya ta sirance, a naɗa igiyar ƙugu zagaye ɗaya cikakke a jikin bishiyar kafin a maida ta zobe. Idan ƙafa biyu suka kuɓuce tare, naɗin zai shaƙe ya tsayar da mutum, maimakon ya zurara har ƙasa yana goge fuska da ƙirji.

Maryam_Lambu
Kuka fa? Ana hawanta kullum don ganye.

Baba_Gandu
Kuka ba ta ƙaimi ba ce, Hajiya. Itacenta kamar soso yake, ƙaimi zai nutse ya yage, kuma faɗinta ya fi ƙarfin igiyar ƙugu. Shi ya sa tun da can turaku ake kafa mata. Rimi ma gindinsa da fukafukan nan ba ya zagayuwa, sai an kafa tsani an wuce su. Maɗaci kuwa a kula da inda masu magani suka sassaƙe ɓawonsa, wurin yakan bushe ko ya ruɓe ta ciki.

Busasshiyar bishiya ita ce aka fi kira a sare, ita ce kuma ta fi haɗari. A buga gindin da bayan gatari a saurara: ƙara mai kauri lafiya, ƙara kamar ganga kogo ne. A kankare ƙasar da gara ta lulluɓa a ga zurfin cin. A tona gindi kaɗan a ga saiwa. Ɓawon da ya saki a ɓamɓare shi kafin a taka, don ƙaimi zai shiga ya sauko da shi kamar riga. Sannan a tsaya a ɗaga kai minti biyu a duba zuma da rina. Mutum a ɗaure a sama ba shi da gudu.

Garba_Zinder
A nan Nijar a ƙara da takarda. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ko a gonarka yake.

Usta_Habu_Maƙeri
Maganar wasawa. Kada a kai shi injin wasa, zafin yana kashe taurin, da ka ga bakin ya yi shuɗi an gama da shi. Magagari mai laushin haƙori ake sawa. A matse sandar tsakanin katako biyu, cikin ƙaimin yana sama, a riƙa turawa daga gindi zuwa baki, ja kaɗan kaɗan, hanya ɗaya. Doron ƙaimin na waje ba a taɓa shi, a miƙe ake son sa har baki. Kuma ba a mai da shi allura: siririn baki yana karyewa, ko ya shige ya ƙi fita. Ƙarshen ana ɗan zagaye shi ta ciki ya zama kamar bakin kurfi. Kamfanoni suna sayar da ɗan faranti mai ramuka na auna kauri da faɗi da tsawo, a saya tare.

Lawal_Waya
Gwajin bayan wasawa: ɗaura shi da maɗaurin ƙasa kawai, ka riƙe saman da hannu. A gungume ko turke, kamar taku ɗaya daga ƙasa, soka bakin kaɗan, ka matso da gwiwa jikin itacen, ka sauke nauyinka a kai. Mai kyau zai ci ya tsaya kafin ya ja layin da ya kai inci 2. Idan ya zurara yana fere itace, siffar bakin ta ɓaci, a sake gyarawa ko a canza.

Ɗan_Katsina_77
Tunda Malam Sani sarewa daga sama zai yi: da injin zarto a hannu, ɗauri biyu dole, igiyar ƙugu da igiyar hawa a shaƙe a jikin bishiyar ƙasa da wurin yanka, kuma a duba bayan bishiyar da ido a ga inda igiya take kafin a tayar da inji. Lokacin da kan bishiya ya tafi, gangar jikin tana kaɗawa baya da gaba da ƙarfi, nan ƙaimi ya fi fita. A kafa ƙafa biyu sosai, a rage igiya, a yanka ƙanana maimakon babba ɗaya. Reshe ko kai mai karkata yana iya tsagewa ya biyo ƙasa ya buɗe cikin igiyar ƙugu ya matse mutum da bishiya, don haka a ɗan tsaga ɓawo da itace a gefe biyu ƙasa da bakin yankan.

Sani_Mai_Zarto
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abin da na ɗauka: sandar ƙarfe mai canjin ƙaimi, faffaɗan matashi, but, ɗamara da igiya biyu. Mangwaro kuma tsani. Sai dai har yanzu ban rabe ba, idan kuɗin ƙaimi ɗaya ne kawai a hannu, dogo ko gajere?

Injiniya_Bello
Gajere. Turare da saman darbejiya su ne yawancin hawan, gindin mai kaurin ɓawo kuma tsani ya wuce da kai.

Ɗan_Katsina_77
Ni dogo zan ce, Injiniya. Dogo a siririn ɓawo gajiya yake jawowa, gajere a ɓawo mai kauri faɗuwa yake jawowa.

Baba_Gandu
Malam Sani, auna ɓawon darbejiyoyin da ke gabanka tukuna. Sara da adda a tsayin ƙirji ka ga kaurin, ka faɗa mana santimita nawa ne. Kuma wa zai tsaya maka a ƙasa? Ana so ya zama wanda shi ma ya iya hawa, da nasa ƙarfen da ɗamara a ajiye a gindin bishiyar, don wanda ya suma a rataye ba ya jiran a je unguwa neman tsani.